Rigar Golan da Na Bi Har Bantama

Cikin duk shekarun da na yi a sana'ar gwanjo, akwai wata Laraba da har yau ba ta fita raina ba, ita da Alhamis ɗin da ta biyo bayanta. Ku da kuka shigo harkar nan daga baya kun sha tambayata labarin rigar nan mai ruwan toka da jan hannu da ke rataye bayan teburina: me ya sa ba a sayar da ita, me ya sa nake sa a wanke ta alhali ba mai sa ta. Yau zan faɗa muku. Amma bari in fara da yadda aikin yake tafiya, domin wanda bai san ƙa'idarmu ba zai ɗauka wauta ce kawai ta kai dattijo kamata har unguwar Bantama a trotro, motar hayarmu, saboda tsohuwar riga.

Kayan gwanjo, waɗanda mutanen garin nan na Kumasi ke kira obroni wawu, a dila suke zuwa, an matse su an ɗaure da ƙarfe. Manyan sana'ar su ne masu shigo da kwantena ta tashar jiragen ruwa ta Tema. Mu masu dila muna ƙarƙashinsu. A rufe muke saye, ba mu ga ciki ba, sai 'yar takardar da aka manna a jiki mai nuna ƙasar da kayan suka fito da kuma irinsu, na maza ne ko na yara. Ƙarƙashinmu akwai masu zaɓin farko, yawanci mata masu shago, waɗanda ke tsayawa a kan dila lokacin da za a yanka ta. In sun gama sai masu zaɓi na biyu, sannan 'yan talla masu yawo da kaya a hannu. Abin da ya rage tsumma ne, makanikan Suame ke kwashewa su goge hannu.

Ƙa'idar kuwa ɗaya ce. Da zarar an yanke ƙarfen dila, mai dila ya zama ɗan kallo. Duk abin da mai zaɓin farko ta ɗora wa hannu ya zama nata, a kan farashin da aka daidaita tun kafin a buɗe, ko da zinariya ce ta fito a aljihu. Don wannan sa'ar take biya fiye da kowa. Mai dilar da ya buɗe a ɓoye ya tsince masu kyau, ko ya miƙa hannu a gaban mutane ya ce wannan tawa ce, mukan ce ya cire wa dila ido, kuma kafin mako ya zagayo duk kasuwa ta ji. Ni da ɗaukar kaya a ka na fara, a tashar mota. Ban gaji ko allura ba. Abin da ya gina shagon nan shi ne matan nan sun san dilar Alhaji da idonta take zuwa.

To, sai maganar Abba.

Abba ɗan farina ne. Sunan mahaifina aka sa masa, shi ya sa ban taɓa kiran sunansa na yanka ba. Iyayenmu daga Tawa suka zo, a Nijar, kuma ko da yake a Zangon Kumasi aka haife ni, kunyar ɗan fari ba ta bar gidanmu ba. Ban ɗauke shi a gaban mutane ba yana jariri. Ƙanena ne ya kai shi makaranta. Ƙannensa suna hawa wuyana, shi kuwa in ya shigo ɗaki sai in gyara zama. Ba ƙiyayya ba ce, ku ma kun sani, haka muka taso muka gani. Lokacin da yake gida abin bai dame ni ba, domin ina jin ƙarar babur ɗinsa in ya dawo, ina ganin takalminsa a ƙofar masallaci. Da ya gama karatu ya samu hanya ya tafi Kanada, sai na gane cewa waɗannan ƙananan abubuwan su ne duk hirar da ke tsakaninmu, kuma ba sa bin waya.

Duk Lahadi yakan kira. "Baba, ina wuni." "Lafiya lau. Ya aiki?" "Alhamdu lillahi." "Ya sanyi?" "Da sauƙi." "To, ga mamanka." Sai in miƙa wa Hajiya, in koma gefe ina saurarensu suna dariya. Mutumin da ke iya sa Bahaushe da Asante da Bayarabe su sayi abin da ba su fito saye ba, ya rasa abin da zai ce wa ɗansa bayan gaisuwa.

Haka muka yi shekaru. Sai wata Lahadi da yamma ya kira ta bidiyo yana tafe a kan titi, ga wata ƙatuwar riga mai dogon hannu a jikinsa, kafaɗunta sun zubo masa har damtse. Idon sana'a ya riga ni magana. Na ce, "Abba, wannan rigar ai ko a zaɓi na biyu da ƙyar take wucewa. Masu aikin ɗakin sanyi na kifi nake sayar wa irinta."

Ya yi dariya. Ban taɓa jin ya yi dariya a gabana haka ba, har sai da ya tsaya ya dafa wani ƙarfe a bakin hanya. Ya ce, "Baba, kada mutanen garin nan su ji ka. Rigar kulob ɗinmu ce. Hoki. Yanzu ma filin zan je."

Na ce wane irin wasa ne ake zuwa da rigar sanyi. Ya ce a kan ƙanƙara ake yi. Ya ce abokan aikinsa na sito ne suka fara kai shi. "Baba, a cikin filin nan, in kana sanye da rigar, ba mai tambayarka daga ina ka zo. In an ci, wanda ke kusa da kai zai rungume ka ko bai san sunanka ba." Karo na farko ke nan da ya faɗa mini wani abu game da zamansa a can wanda ba "da sauƙi" ba. Aka kira Magariba muna magana. Hajiya na zaune da hannu a miƙe tana jiran wayar, ranar ba ta samu ba.

Washegari na sa aka nuna mini yadda zan nemo wasan a waya. Lokacin da suke bugawa yawanci mu muna barci, don haka da safe nake kallon taƙaitawa, bayan na buɗe shago, ga koko ga ƙosai. Ga wanda bai sani ba, fili ne na ƙanƙara zagaye da katanga, mutum shida-shida har da gola, kowa da takalmi mai wuƙa a ƙasa da sanda mai lanƙwasa. Ba ƙwallo ake bugawa ba, wani baƙin faifan roba ne da bai fi ƙaramin gwangwanin kifi ba. Na daɗe kafin idona ya koyi binsa. Kashi uku ake yi, ba biyu ba. Ana canja 'yan wasa ana cikin gudu, ba a tsayawa, saboda ba mai iya daɗewa a ciki. Wanda ya yi laifi ba kati ake ba shi ba, wani ɗan keji ake kai shi ya zauna minti biyu, 'yan'uwansa su yi ta fama da rashin mutum ɗaya.

Sunayensu sun gagari harshena, sai na raɗa musu nawa. Golan, wani dogo mai lamba talatin da ɗaya, na sa masa Maigadi. Babban ɗan bayansu Tsohon Soja. Kyaftin ɗinsu Zuciya. Abba ya karɓi sunayen, har ya ce wasu abokan aikinsa sun fara cewa Maigadi ba su san ma'anarsa ba.

Ni ban iya son abu da ihu ba. Da idon mai dila na kalle su, kuma ban daɗe ba na ga inda ɗinkin ya saki. Duk Lahadi in faɗa masa, shi kuma ya kare su. "Baba, ba ka gane ba ne." "Na gane sarai." Ɗan farina, wanda ban taɓa wasa da shi ba, yana katse ni yana cewa ban gane ba, ni kuwa ina jin daɗi kamar an yi mini bushara. Abu ɗaya ne ba mu taɓa taɓawa ba, maganar zuwa gida. Na san akwai takardu, akwai kuɗin jirgi, akwai aiki. Ban tambaya ba, shi ma bai ɗauko ba.

Larabar da nake faɗa muku wajen watan Afrilu ce, ruwa ya fara sauka a nan, su kuma kakar wasansu tana dab da ƙarewa. Na karɓi dilar Kanada, rigunan wasanni na maza. Malam Isaka na nan, shi ke yanka mini dila tun ina ƙaramin shago. Masu zaɓin farko uku ne suka zo, babbarsu Maame Serwaa, mai shago a Bantama. Asante ce, amma a gefen Zango ta taso, tana jin Hausa, irin ta kasuwa wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Ita ce kwastomata mafi daɗewa, kuma ba a taɓa jin kanmu ba.

Isaka ya yi bisimilla ya yanke ƙarfe. Dila ta yi numfashi ta buɗe, warin nan da kuka sani ya tashi, hannaye suka shiga. Ina tsaye a gefe, hannuna biyu a baya, yadda na saba. Sai na hango jan hannun riga a ƙarƙashin wani wando. Aka ja wandon, ruwan toka ya bayyana, ga lamba talatin da ɗaya, ga sunan Maigadi a kafaɗa. Ba bugun fenti ba, ɗinki ne, harafi bayan harafi. Ta gaske ce.

Wallahi hannuna na dama ya bar bayana ban sani ba. Ya kai rabin hanya, hannun Maame Serwaa ya riga shi. Ta ɗaga rigar, ta jujjuya, ta duba hammata da wuya, ta jefa a tarinta. Ta san abin da take yi, domin a 'yan shekarun nan ɗaliban jami'a sun fara sa irin rigunan nan da gajeren wando, sun yi daraja.

Isaka, da yake kullum yana ganina da waya da safe, ya matso ya rage murya. "Alhaji, ka yi mata magana mana. Riga ɗaya ce. Shekara nawa kuna tare?"

Na ce, "Isaka, sauran matan biyu suna kallo."

Na san in na roƙa za ta ba ni. Amma daga ranar duk macen da ta zo yankan dila hannuna za ta riƙa kallo, ba dila ba. Na mai da hannuna baya. Abin da na yi kawai, na nemi izininta na ɗauki hoton rigar, na tura wa Abba, na ce masa ga Maigadi ya iso Kumasi, ya gaji da tsaron raga shi kaɗai. A raina wasa ne. Matan suka gama, masu ɗaukar kaya suka ɗora, kowa ta kama hanyarta.

Bayan La'asar saƙon murya ya shigo. "Baba! Ina ka samo wannan? Irin ta shekarar da ya fara ce, an daina yin ta, ko a nan ba a samu. Baba, don Allah ka ajiye mini. Kada ka aiko. Ni zan zo in karɓa da hannuna."

Na saurara, na sake saurara. Ni zan zo. Tun da ya tafi bai taɓa haɗa kalmomin nan a gabana ba. Na danna na ce, "An ajiye." Sai da na ɗaga yatsa na tuna riga tana Bantama.

Da na faɗa wa Hajiya, ta ajiye ludayi ta dube ni. "Ka ce masa an ajiye? A ina, a bakinka?"

"Gobe zan je."

"Ka kira ta a waya mana, yanzu."

"In na kira, ta san ina so. Farashi ya tashi."

"Yaro ya ce zai zo gida, kai kana maganar farashi. Allah ya shirye ka, Alhaji."

Ba farashin ba ne, ita ma ta sani. Ban san da wane baki zan ce wa macen kasuwa ina kewar ɗan farina ba. Sai na ɓuya a bayan abin da na iya, wato ciniki. Kayan da suka bar shagona sun zama na mai su. In ina so, sai in je in saya kamar kowa, a shagonta, a farashinta. Wannan bai karya ƙa'ida ba.

Da safe na bar wa Isaka shago na hau trotro. Shagon Maame Serwaa yana kan hanyar da ke gangarowa daga babban asibiti. Tun daga nesa na hango rigar, an goge ta, an rataye ta can sama a gaba, inda ake sa abin da zai jawo ido.

"Ei, Alhaji! Maakye, ina kwana. Kai da kanka? Lafiya? Wani ya kwanta asibiti?"

"Lafiya lau, Maame. Wucewa nake yi."

"Daga Zango, wucewa ta Bantama. Yoo. Zauna."

Kun san abin da nake koya muku in kun je saye. Kada ka fara kallon abin da kake so. Taɓa abu biyu da ba ka buƙata, sannan ka taɓa shi kamar da ragowar hankali, ka faɗi aibi ɗaya, in ya yi yawa biyu, ka yi shiru ka bar mai kaya ya yi magana. Na taɓa wani wando. Na taɓa wata jaket. Sannan na ɗaga kai na ce, "Wannan fa, har yanzu ba ta tafi ba?"

"Jiya-jiya ya zo, Alhaji. Wani ɗan yunibasiti daga Ayigya ya gani, ya so shi paa. Ya ce Asabar zai dawo."

Na ce, "Ya ba da kafin alƙalami?"

"Bai ba da ba."

Ta ɗauki doguwar sandar nan mai ƙugiya ta sauko da rigar, ta faɗi farashi. Farashi ne na wanda ba ya gaggawar sayarwa. Na karɓi riga na shiga neman aibi. Ɗinki lafiya. Ba tabo, ba huji, launi bai koɗe ba, wuya bai saki ba. Shekaruna a sana'a ban taɓa riƙe gwanjon da na rasa abin faɗa a kansa ba sai ranar. Tunda riga ta ƙi ba ni aibi, sai na juya kan masu rigar.

Na ce, "Maame, ba don komai ba, kulob ɗin da ke da rigar nan ba abin alfahari ba ne. Wanda ya san wasan ba zai sa ta ya fita ba."

"Wane wasa?"

"Hoki. A kan ƙanƙara."

"Yoo."

A nan ya kamata in yi shiru. Aibi ɗaya, na faɗa. Amma bakina ya saba da Lahadi.

"Kin ga, matsalarsu daga baya take. Sun je sun sayi wani tsoho saboda sunan da ya yi tun da daɗewa, suka ɗaure kansu da shi na shekaru. Sayen dila ne don takardar jiki. In yana tsaye, soja ne. Amma a taho masa da gudu, kafin ya juya jikinsa yaro ya wuce. Na kusa da shi matashi ne mai kyau, amma ba a bar shi ya sake ba, kullum yana toshe ramin tsoho. Shi ya sa komai ke zubowa kan mai rigar nan. Mutum ɗaya! Tun daga farko ake yi masa ruwan harbi, ya tare da hannu, ya tare da ƙafa, ya tare da fuska. In aka ci shi ɗaya a ƙarshe sai a ce gola ya gaza."

"Ayya," in ji ta.

"Ba ki ji komai ba. Kyaftin ɗinsu, a taɓa shi kaɗan ya ɗaga sanda. Abokan karawa sun gane shi, da gangan suke tsokanarsa, ya tafi keji ya zauna yana huci, a ci su yana kallo. To in su ne suka samu wannan damar, aka kai na wancan ɓangaren keji, suna da mutum ɗaya a kai, kin san me suke yi? Miƙa wa juna. Wannan ya ba wancan, wancan ya mayar, kamar baƙi masu kunyar ɗaukar naman ƙarshe a kwano. Minti biyu su ƙare ba wanda ya harba. Ga kuma kashi na uku. A kashi biyun farko ki rantse zakaru ne. Na uku ƙafafu su mutu, domin kocin 'yan kaɗan ya yarda da su, su yake ta mayarwa har su galabaita, matasa na zaune a benci suna daskarewa. Ƙarshen shekara a sayar da matasan da arha, su je wani gari su girma, su dawo su zuba wa Maigadi a raga. Wace irin kasuwa ce wannan? Ka sayar da zaɓin farko ka riƙe tsumma?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ban san lokacin da sandar nan mai ƙugiya ta shiga hannuna ba. Da na dawo hayyacina ina tsakiyar ƙofar shago, babbar rigata a naɗe a kafaɗa, na sunkuya ina nuna yadda Tsohon Soja ke juyawa. Mai sayar da ayaba ta maƙwabta ta bar tirenta ta zo kallo. Wasu 'yan mata biyu da suka zo saye sun tsaya daga nesa, suna tsoron sandar. Maame Serwaa na zaune a kan kujerarta ta yi tagumi.

Na jingine sanda. Na gyara riga.

Ta ce, "Alhaji, kai ka koya mini ciniki. Kai ka ce mai saye ya faɗi aibi ɗaya ya rufe baki. Yau ka kushe tun rana yana can, yanzu yana nan. Ka san wanda ya tsufa, ka san wanda ya yi zuciya, ka san wanda ya gaji. Ni mijina ma ban san aibinsa haka ba. Riga nan na wa?"

Na zauna. Na kalli titi. Na ce, "Ta yaron nan ce."

"Wane yaro?" Sai ta dube ni da kyau. A gefen Zango ta taso, ta san mu. "Na farko? Wanda ba ka kiran sunansa?"

Na ciro waya na danna mata saƙon. Ta saurara har ƙarshe, ta ce in sake. Da ya kai wurin "ni zan zo in karɓa da hannuna", ta ɗaga mini hannu alamar ya isa.

Ta karɓi rigar ta ninke ta da kanta, hannu a ciki, lamba a sama, ta sa a leda. Sannan ta sake faɗin farashin, daidai yadda ta faɗa da farko.

Na ce, "Maame, ba ragi?"

"Babu. Ka tare mini ƙofa, ka kori kwastoma da sanda. Kuma in na rage, gobe za a ce Serwaa da Alhaji suna da wata magana a bayan dila. Biya, me nua, ɗan'uwana. Ka saya kamar kowa."

Ta yi gaskiya. Da ta ba ni kyauta ko ta rage, da sauran matan sun ji, kuma da abin da na kare ranar Laraba ya zube ranar Alhamis. Na biya. Ban taɓa sayen riga ɗaya da tsada haka ba, rigar da jiya-jiya a dilata take, kuma ban taɓa miƙa kuɗi da sauƙin zuciya irin na ranar ba.

Na kai bakin titi ta kira ni. "Alhaji, tsaya." Ta biyo ni har gindin wata bishiya inda maƙwabta ba za su ji ba. Ta ce 'yarta tana Jamus, aikin jinya take yi, ta daɗe ba ta zo ba. "In ya kira, Mama ka ci abinci, Mama ka sha magani. Shi ke nan. Kai yaya ka yi yaro ya daɗe a waya?"

Na ce, "Ki nemi abin da take so a can, ki koye shi da kyau, sannan ki kushe mata shi."

Ta yi dariya har da hawaye. Dariyar ta ƙare, hawayen bai ƙare ba. Na kau da kai na tsai da trotro.

A shekarar an fitar da su da wuri, a kashi na uku, yadda na faɗa. Abba bai zo ba, takardunsa ba su fito ba. Shekarar da ta biyo ma bai zo ba. Ban matsa masa ba. Shi kansa Maigadin an sayar da shi wani gari, Abba ya yi mako yana fushi, ni na ce ai na faɗa maka halinsu. Ina yi musu fatan nasara, Allah ya sani, amma wani lokaci nakan ce a raina, in suka gyara bayan nan gaba ɗaya, a kan me za mu yi musu ranar Lahadi? Yanzu kafin mu yi sallama yakan ce, "Baba, tana nan?" Ranar Litinin in na buɗe shago sai in ɗauki hoton rigar in tura masa. Wankin da nake sa a yi mata kuwa, ba na so ranar da zai sa ta ya ji warin dila.

Abin da na ɗauka daga wannan, ku riƙe. Hannunku a baya ranar yankan dila, ko me ya fito, domin wata rana abin da zai fito zai taɓa ku a inda ba ku zata ba, kuma ranar ce ake gane mai ƙa'ida. Sannan ku saurari yadda mai saye ke kushe kaya. Wanda ya faɗi aibi ɗaya ya yi shiru, ragi yake nema, ku yi ciniki da shi. Wanda ya daɗe yana jero aibi, ya san na ciki ya san na waje, wannan akwai wani a bayan kayan. Kada ku cuce shi, kada kuma ku kunyata shi da tausayi a gaban mutane. Ku ninke masa da kyau.

Ɗalibai suna shigowa su nuna ta su tambayi farashi, wasu har su ninka abin da na biya. Kun ji amsar da nake ba su, kuma ita za ku ba su in ba na nan. An saya. Mai ita ne bai zo ɗauka ba tukuna.